Shekarar da Na Koma Bayan Tulu

Ni da facalata mun shafe shekaru muna gardama a kan abu guda, kuma babu wadda ta taɓa sassauta wa 'yar'uwarta. Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta ikilisiyarmu a Kafanchan, ni kuma ni ce mai ba da waƙa. Mazajenmu wa da ƙane ne, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, don haka gardamar ba ta tsaya a ƙofar coci ba, ta bi mu har bakin rijiya da inda muke shanya citta. Ita ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa, kowa Sista yake ce mata. Ni kuwa a firamare nake koyarwa, Malama ake ce mini, har mijina ma, idan akwai abin da yake nema a wurina.

Tulun da nake magana ba na ɗiban ruwa ba ne, ko da yake magina ɗaya ne ke gina su. Babba ne mai faɗin ciki. A kan gammo ake zaunar da shi, mai bugawa ta zauna a bayansa ta riƙa dukan bakinsa da guntun soson katifa da aka ɗinke cikin tsumma. Ƙararsa ba a kunne take tsayawa ba, a ƙirji ake jin ta. Muna da kuge, muna da caki, muna da 'yar ƙaramar ganga, amma duk tulu suke bi. Ni kuma aikina in ɗaga waƙa ni kaɗai, in ba da baiti, mata su amsa suna rawa.

"Malama, wannan naki ai ba aiki ba ne," in ji Sista, duk ran da ta ga ina shan ruwan ɗumi da zuma kafin sujada. "Baki ne kawai, kyauta Allah ya ba ki. Ko jariri sef da shi yake fitowa. Ni nake karɓan su, na sani."

"To ke fa?" nakan ce mata. "Dukan bakin tukunya da soso. Ko akuya ce ta taka shi ai zai yi ƙara."

Murya kam ina da ita a lokacin, ba zan tsaya yin tawali'un ƙarya ba. Ban taɓa son makirufo ba, domin ban ga amfaninsa ba. Idan na ɗaga waƙa a wurin jana'iza, masu sayar da rake a bakin titi sun san ni ce. An sha aiko mota daga ƙauyuka a ɗauke ni zuwa bikin aure saboda waƙa kawai, ba don na san amarya ko ango ba. Na saba da wannan ɗan shirun da ake yi kafin in buɗe baki, kuma ina son sa ƙwarai.

Sai maƙoƙo ya fito mini. Da fari ɗan kumburi ne da sarƙar wuya ke rufewa. Sista ce ta fara ganinsa, domin daga inda take zaune a bayan tulu wuyana take hange duk ranar Lahadi. Ta sa ni gaba da mita, safe da yamma, ta haɗa da mijina, har na gaji na bi ta wani asibiti a Jos. Likita ya duba ya ce dole a cire, domin ya fara danne mini hanyar numfashi. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jijiyar murya tana kwance daf da wurin, yawancin mutane muryarsu takan dawo bayan ɗan lokaci, wasu kuma ba ta dawowa yadda take. Na ji shi sarai, amma ban ga dalilin da zai sa ni in faɗa cikin wasu ba.

Aiki ya yi kyau, na gode wa Ubangiji. Numfashina ya dawo, na daina farkawa ina haki. Muryar ce ba ta biyo ni gida ba. Magana ina yi, amma ƙasa-ƙasa, a dishe, kamar mai mura da ba ta warkewa. A aji na koma buga tebur da rula idan ina son yara su yi shiru. Na yi ta jira. Na sha zuma, na sha citta, na sha duk abin da tsofaffin unguwa suka aiko da shi a kwalba. Wata rana da hantsi, babu kowa a gida, ina wanke-wanke, na ce bari in gwada. Na ɗauki waƙa mafi sauƙi, wadda yara ke yi. Iska ce ta fara fita, sai wani ƙara ya biyo baya kamar an ja ƙofar langa-langa. Na zauna a kan turmi da kumfa a hannuna na yi kuka mai isata.

A zumuntarmu akwai wani benci a can baya, jikin taga. Nan tsofaffin da gwiwa ta hana su tashi suke zama, kuma duk wadda za ta shiga rawa sai ta kai musu jakarta da takalminta su riƙe mata. Babu wanda ya taɓa kafa wannan doka da baki, amma kowa ya san ta: ko kina waƙa, ko kina kiɗa, ko kina gadin jaka. A wurinmu ba a rawa da baki a rufe, mai rawa ita ce mai amshi. Ranar da na fara komawa firaktis, wato gwajin waƙa, bayan aikin, shugabar zumunta, dattijuwa mai kirki da muke kira Mama, ta tarye ni da murna, ta rungume ni, sannan ta kama hannuna ta kai ni wannan bencin da kanta.

"Malama, ki huta tukuna," ta ce. "Ubangiji zai yi."

Ban gama zama ba wata ta zo da sauri ta ɗora mini jakarta a cinya, ko kallon fuskata ba ta yi ba. Wata ta ƙara tata. Kafin a ɗaga waƙar farko ina rungume da jakunkuna har haɓa, ga takalma a gabana kamar mai tallarsu a kasuwa. Ko hamsin ban cika ba. Tsohuwar da ke gefena ta miƙo mini goro, ta ce in saki jiki, wurin yana da iska. Raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan yi wa faɗa, domin babu wadda ta yi da mugunta.

Wadda aka ba wurina kuwa wata ƙaramar mata ce da ba ta daɗe da aure ba, mijinta yana koyarwa a kwalejin garin Gidan Waya. Ni na koyar da ita a aji uku, ni na sha share mata majina. Muryarta siririya ce mai daɗi, wannan ba zan hana ta ba. Aibinta ɗaya, idan gabanta ya faɗi takan ɗaga waƙa daga sama. Duk mai ba da waƙa ta san haɗarin wannan. Mu ba mu da fiyano da zai ba mu inda za mu fara, daga cikinki za ki ɗauko shi. Idan kika fara daga sama, baitin farko zai tafi lafiya, amma da an zo inda waƙar ke hawa, sai ki tarar kin kai mata inda wuyansu ba ya kaiwa. Na kira ta gefe na gaya mata. Ta durƙusa ta ce, "To Malama, na gode," mako na gaba ta sake yi.

Na yi Lahadi uku ko huɗu a bencin nan, na ga idan na ƙara, zan saba, kuma abin da na fi tsoro ke nan. A gida na fara neman dalilin ƙin zuwa firaktis. Zanen zumunta da nake gogewa tun ranar Juma'a na bar shi a ƙasan akwati. Matan nan su suka zauna da ni lokacin da na binne mahaifiyata, su suka yi mini girki duk haihuwar da na yi. Ban san yadda ake zama a Kafanchan ba tare da su ba, kuma ba zan iya zama cikinsu ina gadin takalmi ba.

Sai na leƙa ta katanga wata yamma na ce wa Sista ta koya mini tulu.

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta dube ni sama da ƙasa. "Wane tulu? Wanda akuya yake bugawa?"

"Sista, ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ki je ki kawo akuyan, in koya maku tare."

Ta ja mini rai son ranta, sannan ta shiga ɗaki ta fito da shi. Gaskiyar magana, zumunta tana bukatar mai bugawa ta biyu tun da daɗewa. Haihuwa ba ta san Lahadi ba, kuma duk ranar da Sista ke bakin aiki, 'yar gangar nan ce ke riƙe mu, rawa ta yi ta tafiya salalo-salalo kamar kunun da aka cika wa ruwa.

Na zauna, na ɗaga soso, na maka masa da ƙarfina. Ya ce fat, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara mutuwa. Sista ta dafa bango tana dariya har da hawaye. Ashe ba duka ake yi ba. Rufe bakin ake yi a ɗaga nan take, iskar da ke ciki ita ke yin maganar. Idan kika danne, kin kashe ta. Idan kika ɗaga da wuri, ba ta cika ba. Na yi makonni ina wannan a tsakar gidanta bayan an tashi makaranta, kafaɗata ta riƙe, wuyan hannuna ya kumbura, rubutu a allo ma ya zama aiki. Mijina ya ce tun da aka yi mini aiki gidan ya yi shiru, yanzu kuma na samo hanyar rama wa unguwa. Amma a hankali ƙarar ta fara fitowa, mai zurfi, har kajin Sista suka daina gudu idan na fara.

Na ɗauka na gama. Sista ta kai ni firaktis ta gaya wa Mama a gwada ni. Aka ɗaga waƙa, na shiga, komai daidai. Ba a yi nisa ba na ga mata suna waiwayowa. Layin rawa ya fara cin karo, wata ta taka wata, mai kuge ta harare ni. Aka tsaya, aka sake, haka aka kuma. Ni kuwa na rantse ban ga abin da na yi ba, don a kunnena ina tare da waƙar tamkar inuwarta. Mama ta ce ba komai, a bar Sista ta karɓa, sannu a hankali. Na ga idonta ya kai kan bencin baya ya dawo.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka wuce layin dogo Sista ta yi magana.

"Kin san abin da yake damun ki? Waƙa kike bugawa, ba kiɗa ba. Ina kallon ki, bakinki yana motsi tun daga farko. Idan yarinyan ya ja numfashi, hannunki ma ya ja numfashi. Idan ya ja baiti don ya yi daɗi, ke ma ki ja. To mata su sa ƙafa a ina?"

"Ai waƙar ake bi," na ce.

"Wa ya gaya maki? Duk shekarun nan da kike ja kina saki yadda kika ga dama, kina lumshe ido, wa kike tsammani yake riƙe maki ƙasa? Ni ban taɓa bin ki ba, Malama. Da na bi ki, da tuni mun faɗa rami dukanmu. Ki bar kallon baki. Ƙafa za ki kalla."

Ta ce in zaɓi mace ɗaya a layi wadda ƙafarta ba ta ƙarya, in manne wa diddigenta, in mance da kowa. Ta ba ni tata: wata mai jiki da ke soya ƙosai a bakin tasha, wadda ba ta iya baiti ko ɗaya daidai ba, amma takunta ko agogo albarka. Na ji haushin maganar, musamman wurin lumshe idon, domin gaskiya ce. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne raba kunnena da waƙar. Tun ina yarinya, idan ana waƙa, cikinta nake shiga. Yanzu an ce in tsaya a bakin ƙofa in riƙe wa wasu. Hannu ya koya cikin makonni, amma kai ya ƙi. Har ƙwallon goro na riƙa sawa a baki lokacin firaktis don leɓuna su daina bin baiti.

Ana cikin haka kaka ta yi, sujadar godiya ta matso. A ikilisiyarmu ita ce ranar da ta fi kowace cika. Kowace ƙungiya takan shigo da baikonta, wato kyautarta ga Ubangiji ta amfanin gona, da rawa, tun daga waje har gaban bagadi, kuma na zumuntar mata shi ake jira. Sai ga shi an sa Sista aikin safe a wannan Lahadin, ta nemi canji ba ta samu ba. Mama ta kira mu ta ce ko dai a aro mai bugawa daga wata ikilisiya, ko a ba ni. Ta faɗe shi tana kallon ƙasa. Sista ta ce a ba ni, idan na ɓata a kama ta. Mama ta ce, "To Malama, mu gani. Idan bai yi ba, kada ki ji komai, wurin zama yana nan." Na san wurin zaman da take nufi.

Ranar, coci ya cika har tagogi. 'Yan makaranta sun dawo, baƙi sun zo daga Kaduna, a waje kuma 'yan kasuwa har da maƙwabcinmu Alhaji mai sayen citta suna jiran a tashi a yi gwanjon kayan. Matanmu suka jeru tun daga bakin ƙofa, fararen riguna, zane iri ɗaya, kowace da kaya a ka: doya, acca, masara, buhunan citta, kaji an ɗaure musu ƙafa, wata ma da faranti cike da ƙwai. Mai kaya a ka ba ta kallon ƙasa. Abin da ta ji shi take takawa, kuma idan kiɗa ya yi tuntuɓe, ita ma za ta yi. Na zauna a bayan tulu. Na nemo mai ƙosai a layi, tana ɗauke da daron doya, na kafa wa diddigenta ido.

Yarinyar ta tsaya a gaba. Na ga takardar da ke hannunta tana kaɗawa, na ce a raina, yau kam sai Allah. Ta buɗe baki, ta ɗauko ta daga can sama, sama da duk inda ta taɓa ɗaukowa. Na shiga da tulu, kuge ya shigo, layi ya motsa. Baitin farko ya wuce. Aka zo hawan farko, mata suka miƙa wuya suka kai da ƙyar. Aka zagayo, layi ya kai tsakiyar coci, aka zo hawa na biyu. Muryarta ta tsage gida biyu, ta tsaya cak. Masu amshi suka bi ta ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Mai kuge ta sauke hannu, caki ya yi shiru.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Shekara da shekaru, idan waƙa ta faɗi, ni ke ɗaga ta, jikina bai nemi shawarata ba. Na ja numfashi, na san daidai inda ya kamata a ɗauko ta, ina jin wurin a cikin kaina tsaf. Na tura, iska ta fito. A wannan ɗan lokacin hannuna ya tsaya a sama yana jiran murya, sai na ga diddigen mai ƙosai shi ma ya tsaya a sama, yana neman inda zai sauka, daron doya ya karkata. Na sauke soson. Ƙafar ta sauka tare da shi. Na cije leɓena na rufe bakin, na sake bugawa, na sake.

Babu waƙa, babu kuge, babu komai a cikin cocin nan sai tulu da ƙarar ƙafafu a kan siminti. Mata ba su tsaya ba. Da kayansu a ka, baki a rufe, suka ci gaba da takawa, abin da ban taɓa gani ba tun da na shiga zumunta. Ban ɗaga kai na dubi yarinyar ba, na san idan na dube ta zan sake shiga cikin waƙar. Diddige kawai nake gani, yana tashi yana sauka, da wani tsohon tabo a gefensa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, a wurina dai ya yi tsawo ƙwarai. Can mai kuge ta dawo hayyacinta ta shigo. Caki ya biyo. Sai na ji muryar yarinyar, tana rawa kaɗan, ta sake ɗauko waƙar daga ƙasa, daidai inda ni ma zan ɗauko ta. Mata suka amsa da ƙarfin da ya fi na farko, jama'a suka miƙe suka shiga, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga baya. Da aka zo hawan, suka haye shi kamar ba komai. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba.

Da aka sauke kaya na ajiye soso. Na yi wata ajiyar zuciya da na ji ta har yatsun ƙafata. Ba murnar gwaninta ba ce, sauƙi ne kawai, irin wanda mutum ke ji idan ya sauke kayan da ya daɗe a kansa har ya mance yana ɗauke da su. Tun daga Jos nake ɗauke da tsoron cewa ranar da waƙa za ta faɗi a gabana in kasa ɗaga ta, ranar zan san na ƙare. Ga ranar ta zo, na kasa, kuma ina nan zaune a tsakiyar matan, da aiki a hannuna.

Bayan an tashi yarinyar ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce, "Malama, na ɓata komai, na kunyata ku." Na ce ta tashi kada ta ɓata zanenta. Na gaya mata faɗuwa kowa na yi, amma tsayawa a gaban cikakken coci a sake buɗe baki bayan an faɗi, ba kowa ke iyawa ba, kuma ban tabbata ni da kaina zan iya a shekarunta ba. Da na dube ta, na tuna abin da na daɗe da mancewa, cewa mai ba da waƙa ba ta da abin da za ta ɓuya a bayansa. Ni ko ba komai ina da tulu a gabana. Masu tambayata yanzu wanne ya fi wuya, nakan ce ni dai tulu ne ya ba ni kashi, domin da girmana na koye shi, waƙa kuwa ban san lokacin da na koye ta ba balle in tuna wuyarta. Amma ba na cewa mai waƙa baki kawai take buɗewa, kuma ban bari a faɗa a gabana.

Mama ta zo tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, "Malama, tulun nan ba a barin shi a coci, yaran Sande Sukul, masu karatun Lahadi, za su fasa. Mai bugawa ne yake tafiya da shi gida. Ki ɗauka." 'Yan acaɓa suka yi ta kira na a bakin ƙofa, na ce ba da tulun nan ba, a wannan hanyar tamu mai ramuka. Na cire mayafina na goya shi a baya, na taka har gida da rana tsaka, ana ta yi mini barka da haihuwa ina amsawa.

Da yamma Sista ta dawo daga aiki, ko farin kayanta ba ta cire ba ta shigo gidana. Labari ya riga ni isa wurinta, har da ƙari. Ta wuce ni ta shiga ɗaki, ta juya tulun ta duba gindinsa, ta ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa ko ya tsage. Na ce bari in kai mata shi gida.

"Bar shi a nan," ta ce.

"Lahadi mai zuwa ma kina aiki ne?"

"Ba na aiki. Na gaji da zama ne. Shekara nawa ina kallon ƙafan mutane, nawa bai taɓa shiga layi ba. Tun kafin in haifi auta rabona da rawa, ke ba ki lura ba, kina can kina lumshe ido."

Na koma Jos bayan wannan, likita ya duba ya ce abin da ya dawo ya dawo, kada in sa rai da ƙari. Na yi masa godiya, na shiga mota, na yi barcina har Kafanchan.

Lahadin da ta biyo na zauna a bayan tulu. Aka ɗaga waƙa, layi ya taso, sai ga Sista a ciki, ta ci ɗamara da zanen zumunta, tana juyi kamar budurwa, mata suna mata dariya tana ƙara yi. Da ta zo daidai inda nake ta sunkuyo, ba ta fasa taku ba, ta ce, "Kada ki ja mini, Malama, na daɗe ina jira." Na sauke idona kan diddigenta, na riƙe mata ƙasa har ta kai gaba.